Tan nawa bahon nan yake so? Yadda muka lissafa ƙarfin riƙon injin roba

Wani ɗan kasuwa daga Sabon Gari ya kawo mana samfurin ƙaramin baho na roba, irin wanda ake wanke-wanke a ciki, yana so mu riƙa buga masa. Ya riga ya ba da aikin mol a Kano, wato mazubin ƙarfen da ake ɗura narkakkiyar roba a ciki, saura a san injin da zai ɗauke shi. Ya ɗaga bahon da yatsu biyu ya ce, "Injiniya, wannan ai ko rubu'in kilo bai cika ba, ƙaramin injinku ma ya isa." Na ce, "Alhaji, faɗinsa ne zai buɗe mol ɗin, ba nauyinsa ba. Bari mu auna tukuna."

Injinan da ke wurinmu uku ne: mai tan 160, mai tan 250 da mai tan 320. Lambar nan tana nufin iyakar ƙarfin da injin zai iya haɗe ɓangarorin mol biyu da shi, namiji da mace, a lokacin da sukuru, wato sandar ƙarfe mai zare da ke cikin injin, ke tura roba ciki. Robar tana shiga da matsi mai tsanani, tana neman ɓamɓare mol daga ciki, injin kuma yana danne shi daga waje. In na ciki ya rinjayi na waje, ko da kaurin silin gashi ne bakin ya buɗe, roba za ta tsarto ta nan ta bar geza a gefen kaya, abin da masu aiki ke kira fulash. Wasu kamfanoni da kilonyutan suke rubuta ƙarfin. Injin Haitian mai lamba MA2500, alal misali, kilonyutan 2500 ne, wanda 'yan sana'a ke kira mai tan 250, domin tan ɗaya yana daidai da kilonyutan 9.81.

Abin da na fara nema shi ne faɗin inuwar bahon. Ka kife shi a ƙasa da rana tsaka, filin da ya rufe shi ne inuwarsa, kuma a kan wannan fili ne matsin roba ke tura mol ya rabu. Na auna bakin daga gefe zuwa gefe har da leɓensa, santimita 32. Rabinsa 16. Sai 16 sau 16 sau 3.14, ya ba da murabba'in santimita 804. A nan ake yawan tuntuɓe: mutum ya manta ya raba biyu, ya buga 32 sau 32 sau 3.14, ya sami 3,215, ninki huɗu ke nan na gaskiyar abin. Kayan da ba da'ira ba ne ko mai kusurwa huɗu, kamar marikin bokiti ko hanga ta rataye riga, ina ɗora shi a kan takarda mai gida-gida ta 'yan makaranta, in zagaye shi da fensir, in ƙirga gidajen da suka faɗa ciki. Babbar taga da ta huda kaya gaba da baya ana cire ta daga lissafi, domin a wurin ƙarfe ne ke taɓa ƙarfe, babu roba. Ƙananan hudoji irin na kwando kuwa ba na cire su duka, don a gefensu geza ta fi saurin fitowa. In mol yana da gurbi fiye da ɗaya, a ninka da yawan gurbin, a kuma ƙara faɗin magudanar da roba ke bi kafin ta kai kowane gurbi. Namu gurbi ɗaya ne, ƙofar shigar roba tana tsakiyar gindi, a cikin inuwar take, don haka babu abin ƙari.

Alhajin ya tambayi zurfin bahon, santimita 13, me ya sa ban sa shi ba. Matsin da ke bangon baho gefe yake turawa, na dama yana soke na hagu, ƙarfen mol ne ke shanye shi. Ɗan karkatar da bangon ya yi kuma tuni tana cikin inuwar da muka auna. Amma zurfin bai fita daga lissafi ba, ta wata ƙofa yake dawowa, wato ta nisan tafiyar da roba za ta yi.

Wannan shi ne sashen da ya fi buƙatar natsuwa. Na sa zarto na raba samfurin gida biyu ta tsakiya, domin in ka auna kauri daga baki kawai leɓen zai yaudare ka, shi ne wuri mafi kauri. Da kalifa, wato abin auna kauri, na auna wurare biyar, daga gindi zuwa sama, mafi siranta ya ba ni milimita 1.6. Sai na ɗauki zare na bi hanyar da roba za ta bi daga ƙofa zuwa wuri mafi nisa: milimita 110 a shimfiɗar gindi, 136 a hawan bango, 20 a lanƙwasar leɓe. Jimla 266. In ka raba 266 da 1.6 za ka sami 166. Ma'ana robar za ta yi tafiyar da ta ninka kaurin hanyarta sau 166, tana tafe tana sanyi, fatarta da ke taɓa ƙarfe tana daskarewa, hanyar tana ƙara tsukewa. Gwargwadon girman wannan lamba, gwargwadon matsin da za a buƙata a tura ta har ƙarshe.

Littafin da ke zuwa da injin yana da jadawali mai lanƙwasassun layuka, kauri a ƙasa, matsi a gefe, kowane layi da nasa rabon tafiya. A robar PP, wato polypropylene da za mu buga bahon da ita, kaya mai kaurin milimita 2 zuwa 3 wanda rabonsa bai kai 100 ba, matsin cikin gurbi ba ya cika wuce bar 200, bar kuwa ma'aunin matsi ne. In rabon ya shiga tsakanin 150 da 200 a kauri irin namu, ana maganar wajen bar 300. Kofuna da robobin abinci masu siranta ƙasa da milimita ɗaya suna iya haura bar 500. Na ɗauki 300. Jadawalin an yi shi ne don robobi masu saurin gudu, PP da PE (polyethylene) da PS (polystyrene). Roba mai danƙo sai an ninka: nailan wajen 1.3, ABS wajen 1.5, PC da PVC mai tauri 1.7 zuwa 1.9. Wanda ya ɗauki mol da aka lissafa don PP ya zuba masa ABS bai canja komai a ido ba, amma ya ƙara wa injin kusan rabin nauyin da yake ɗauka.

Kada a rikita wannan bar 300 da lambar da ke kan allon injin. Abin da allon ke nunawa a yawancin injinanmu matsin man haidrolik ne. Shi kuma yana ninkuwa wajen sau goma a bakin sukuru, saboda fistan ya fi sukurun faɗi da kusan haka, wato bar 90 a allo kimanin 900 ne a kan roba. Daga nan yana zubewa a hancin injin, a wutsiya, wato hanyar da ke kai roba daga hanci cikin mol, a ƙofa, ya ci gaba da raguwa har bakin kaya. Matsakaicin abin da ya rage a cikin gurbi, kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, shi muke nema.

Bar ɗaya yana danna kilo 1.02 a kan kowane murabba'in santimita. Bar 300 kilo 306 ke nan. Sai 804 sau 306, kilo 246,024, wato tan 246. Na faɗa wa Alhajin cewa tirela mai buhun siminti 600 tan 30 take ɗauka, to nauyin kayan tirela takwas ne ke neman buɗe mol ɗin bahonsa a kowane bugu. Daga nan na ƙara kashi 10 cikin ɗari na kariya, saboda roba ba ta zuwa iri ɗaya kullum, ya zama tan 271.

Ba na tsayawa a hanya ɗaya, sai na gwada da ƙa'idar da ke littattafan Amurka, wadda ke cewa tan 2 zuwa 5 a kowane murabba'in inci, gwargwadon irin roba. Murabba'in inci ɗaya murabba'in santimita 6.45 ne, don haka 804 ya koma inci 124.6. PP tana ƙasan ma'aunin, tan 2 zuwa 3. Da 2.5 na sami 312. Sai dai tan ɗinsu ƙarami ne, kilo 907, in an mayar da shi namu ya zama 283. Hanyoyin biyu sun kusanci juna, 271 da 283, hankalina ya kwanta. Wanda zai yi amfani da ƙa'idar nan ya kula da ma'auni, don in ya auna da santimita ya ninka da 2.5 zai tashi da tan dubu biyu. A santimita lambar PP tana tsakanin 0.28 da 0.42, ta PC kuma 0.56 zuwa 0.70.

Mai tan 160 ya fita ke nan, mai 250 ma bai kai ba. Saura mai 320, shi ma sai da na duba wasu abubuwa, domin tan kaɗai ba ya sa mol ya zauna a inji. Tsakanin ginshiƙansa huɗu, wato sandunan ƙarfen da mol ke zama a tsakaninsu, na auna milimita 660, mol ɗin kuma 500 ne a kowane gefe, zai shiga, kuma ya rufe fiye da kashi biyu cikin uku na tsakanin, wanda shi ake so. Ƙaramin mol a babban inji yana sa allon ƙarfen ya lanƙwasa a kewayensa, gefunan mol su sha matsi, tsakiya ta yi sako-sako. Buɗewa kuma dole ta kai ninki biyu na zurfin kaya da tsawon wutsiya da ɗan sarari: 130 sau biyu, da 60, da 50, milimita 370, injin yana wuce haka. Sai cikin bututun da roba ke narkewa, wato yawan robar da yake iya turawa a bugu ɗaya. Takardar injin ta ce giram 900, amma da robar PS ake wannan awo, mai nauyin giram 1.05 a kowane mililita, PP kuwa 0.905 ce, saboda haka ainihin abin da zai ɗauka wajen giram 775 ne. Bahon giram 245, kashi 32 cikin ɗari, yana cikin iyakar da ake so ta 20 zuwa 80. Ƙaramin injin da Alhajin ya nuna giram 300 aka rubuta masa, a PP 258, bahon zai cinye kashi 95, robar ba za ta sami lokacin narkewa daidai ba. Ashe ko ta nauyin da ya dogara da shi bai tsira ba.

A kan ƙaramin injin nan akwai mol na murfin robar abinci mai gurbi huɗu, shi nake nuna wa duk mai gardamar nauyi. Kowane murfi faɗinsa santimita 11, inuwarsa 95, huɗu 380, magudana ta ƙara 20, jimla 400. Kaurinsa milimita ɗaya, don haka matsin ya kai bar 350. Lissafi ya ba da tan 143, da kariya 157. Duka bugun, murfi huɗu da magudana, giram 60 ne kacal, amma ya kusa ƙure injin mai tan 160. Marikin tukunya mai kauri da ya fi shi nauyi sau uku riƙon da yake buƙata bai kai rabin wannan ba.

Ranar da mol ya iso muka ɗaura shi, muka haɗa ruwan sanyaya, muka sa zafin bututu daga digiri 200 a baya zuwa 230 a hanci, da sabuwar PP daga buhu. Na fara da riƙon tan 300, sama da lissafi, don kada geza ta fita a bugun farko ta ci bakin sabon mol. Roba mai laushi ce a hannu, amma in ta maƙale tsakanin ƙarfe biyu aka danne ta da tan ɗari uku tana barin tabo, tabon kuma shi zai zama hanyar geza har abada. Muka fara da ɗura kaɗan, baho yana fitowa guntu, muna ƙarawa har ya cika kashi 95 zuwa 98, sannan muka sa matsin riƙewa ya ƙarasa shi. Muka bar injin ya yi bugu wajen talatin, zafin mol ya daidaita.

Daga nan sikeli ya karɓi aikin. Lissafin takarda kusa yake kai mutum, ainihin lambar sai a kan injin. Ba mu taɓa komai ba sai riƙo, muna rage tan 20 a kowane mataki, muna zubar da bugu biyun farko, muna auna biyar a sikeli mai nuna kashi goma na giram, bayan an yanke wutsiya a wuri ɗaya. A tan 300 matsakaicin nauyi giram 244.6 ne. A 280 ya ba da 244.7, a 260 kuma 244.9, a 240 ya kai 245.1. A 220 sai ya yi tsalle zuwa 246.8, alhali ido bai ga komai a bakin bahon ba. A 200 ya kai 249, geza ta fito siririya a leɓe, farce yana kama ta. Muka tsaya nan.

Tsallen da ya faru tsakanin 240 da 220 shi ne amsar. Mol ɗin ya fara numfashi, yana ɗan buɗewa lokacin ɗura, roba tana ƙaruwa a ciki, yana komawa ya rufe. Sikeli yana ganin wannan tun kafin ido ya gani. Mai agogon awo na makanikai zai iya ɗaura shi a kan layin da namiji da mace suka haɗu, zai ga allurar tana motsi a daidai wannan mataki. To 240 ne mafi ƙarancin da ke riƙewa, lissafinmu ya ce 246. Na ƙara kashi 10, na tsayar da injin a 265. Giram biyun nan da suka ƙaru a 220 kada a raina su, a baho dubu kilo biyu ne na roba da aka bayar kyauta.

Wani zai ce to mai tan 250 ai zai iya, tunda 240 ta riƙe. Zai iya na kwana biyu. Injin da ke aiki a ƙurewar ƙarfinsa dare da rana fil-fil ɗin gwiwarsa, wato mahaɗan ƙarfen da ke miƙewa su danne mol, suna cinyewa, ginshiƙi yana tsagewa a wurin zaren goro, kuma ranar da roba ta ɗan yi tauri babu inda za a ƙara. Na fi son aiki ya tsaya a kashi 80 zuwa 85 na ƙarfin inji, 265 cikin 320 kuwa kashi 83 ne.

Yaron da ke kan injin ya ce, "Oga, me zai hana mu bar shi a 320 mu huta da fulash?" Wannan ɗabi'a ta kashe mol da yawa. A bakin gurbi akwai 'yan hanyoyin iska da aka goge, zurfinsu wajen milimita 0.02 a PP, iska tana fita, roba ba ta iya bi. Riƙo mai yawa yana murƙushe su. Iskar da ta rasa mafita sai roba ta matse ta a lungu, ta yi zafi kamar a cikin injin dizal, ta ƙona gefen kaya ya yi baƙi, ko ta hana leɓe cika. Mai injin yana ganin bai cika ba sai ya ƙara matsi, matsin ya kawo geza, ya ƙara riƙo, haka za a yi ta zagaye har bakin mol ya lotsa. Ga kuma man janareta da ake ƙonawa a banza.

Injinmu mai gwiwa ne, ƙarfin riƙonsa yana zuwa daga miƙewar ginshiƙai, wadda ba ta wuce milimita ɗaya zuwa biyu. Ƙarfe kuma yana kumbura da zafi, kimanin milimita 0.012 a kowace mita a kan kowane digiri. Mol mai kaurin milimita 450 da aka saita da sanyin asubar hunturun Zariya, in ya ƙaru da digiri 25 zuwa hantsi, ya ƙara milimita 0.13, kusan kashi ɗaya cikin goma na miƙewar. Tan 265 na safe zai iya zama 290 ba wanda ya taɓa shi. Shi ya sa muke sake duba riƙon bayan awa ɗaya ko biyu da fara aiki, haka ma duk lokacin da wuta ta ɗauke aka daɗe kafin a tashi. Injin da fistan haidrolik ke riƙe shi kai tsaye ba shi da wannan matsala, abin da ka sa shi zai tsaya.

Mako na biyu Alhajin ya kawo niƙaƙƙiyar roba da ya saya a hannun 'yan jari-bola don rage tsada. Geza ta dawo a tan 265. Sabuwar PP da muka yi gwaji da ita, irin wadda Indorama ke yi a Eleme kusa da Fatakwal, tana da lambar gudu a takardarta, wato giram nawa ke fita a minti goma a zafin 230 ƙarƙashin nauyin kilo 2.16. Ta kayan gida tana kamawa daga 11 zuwa sama, ta saƙa buhu wajen 3 ce, HDPE, wato nau'in PE da ake yin jarka da shi, kuwa a nata awon ba ta kai 1 ba. Niƙaƙƙiya ba ta da takarda, kuma a wannan buhun akwai gutsattsarin jarka. Na jefa ɗan kaɗan a wuta a kan cokali, wasu ƙwayoyin suka narke suka bazu, wasu suka tsaya kamar ƙaro. Roba mai tauri haka sai da matsi mai yawa take cika leɓe, matsin kuma ya buɗe mol. Akwai kishiyar wannan: PP da aka narka sau da yawa tana tsinkewa ta zama ruwa-ruwa, ta bi ta tsagar da sabuwa ba za ta bi ba, ko da riƙon ya isa. Waccan tana son ƙarin zafi da ɗan ƙarin tan, wannan kuma rage zafi take so.

Kafin in ƙara ko tan ɗaya sai da na duba inda gezar take. In ta zagaye baki duka, ko tana yawo daga bugu zuwa bugu, riƙo ne ko roba. In kullum a kusurwa ɗaya take, ba maganar tan ba ce. A shafa shuɗin makanikai a fuskar mol, a rufe a buɗe, wurin da bai kama ba akwai datti, ko lotsawa, ko ginshiƙi ɗaya bai ja daidai da 'yan uwansa ba. Tamu ta zagaye ko'ina. Muka gauraya kashi 30 na niƙaƙƙiya da 70 na sabuwa, muka ɗaga zafin hanci zuwa 240, muka maimaita awon sikeli daga sama. Tsallen ya koma tsakanin 260 da 240, muka tsayar da riƙo a 285. Lambobin biyu, 265 na sabuwa zalla da 285 na gauraye, da zafin kowanne da nauyin da ya kamata baho ya ba da, muka rubuta a kati muka ɗaure a jikin mol ɗin da waya.